Shanuna uku sun nuna bakkale a gwajin jini, shin in fitar da su?

Makiyayin Bukuru: Assalamu alaikum. Ina da shanu 16, kuma makon jiya ɗaya ta yi ɓari tana da cikin wata bakwai. Likita ya ɗebi jinin garken ya yi gwajin Rose Bengal, inda ake cuɗa ruwan jinin da wani ruwa mai launin hoda a kan farin faranti, sai jinin shanu uku ya yi gudaji, ya ce bakkale ne, cutar da ke sa shanu ɓari. Amma ɗaya daga cikinsu an yi mata rigakafin bakkale mai suna S19 bara, tana babba. Shin in rabu da su, ko akwai gwajin da ke neman ƙwayar cutar kanta?

Hajiya Mai Nono: Allah ya kiyaye na gaba. Malam, ka yi musu allurar ƙarin ƙarfi ka ba su kanwa, sanyin Jos ne ke jawo ɓari.

Baba Alhaji: Hajiya, da sanyi ne da ban yi asara ba. Na sayi bijimi tare da takardar da ke cewa jininsa lafiya lau, na sake shi cikin garke, kafin shekara ta zagayo shanu biyar sun zubar da ciki, wasu mahaifa ta maƙale musu har ta yi wari. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗana, wanda ke shan madara ɗanya a bakin turke: ya yi wata uku yana zazzaɓi da gumin dare, ana ta ba shi maganin maleriya da taifod kafin a gano bakkale ne. Na biya naira 5,000 kuɗin gwajin jini a kan kowace saniya, kuma tun daga ranar ban ƙara yarda da takarda ba.

Ɗan Farin Gada: Baba, 5,000 kuma? Ni 1,500 na biya. Amma bijimi mai takardar shaida kamar ɗan bautar ƙasa, ai dole ya yi tsada.

Malamin Dabbobi: Baba, mai yiwuwa takardar ba ƙarya ta yi ba. Wannan gwaji ba ƙwayar cuta yake gani ba, garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙarta yake gani, wadda likitoci ke kira antibodi, kuma takan ɗauki makonni kafin ta bayyana, don haka dabbar da ta kamu jiya za ta fito fes. Haka kuma S19 na sa jiki ya haɗa irin wannan garkuwa, musamman idan an yi wa babbar saniya, shi ya sa ake son yin sa tun tana maraƙa. Gwajin antijen shi ne mai neman sashen ƙwayar, sai dai a bakkale ba a dogara da jini don wannan, an fi samunta a mahaifa, ɗan da aka zubar, ko madara. Malam, ka ware ukun nan, ka tafasa madara, sannan ka kai samfur cibiyar binciken dabbobi ta Vom a tabbatar ta hanyar wani gwajin mai suna ELISA.

Baba Alhaji: Yaro, shekara 40 nake kiwo. Idan gwaji na iya cewa babu alhali akwai, ya kuma ce akwai alhali babu, me ya raba shi da duba?

Malamin Dabbobi: Baba, ana maimaita shi bayan wata guda, duba kuwa ba a maimaitawa.

Ɗan Farin Gada: Ni dai a kai su kasuwa kafin labari ya bazu.

Baba Alhaji: To ga irin wanda ya sayar mini da bijimi nan! Dillali ya san dabba ta yi ɓari, ya ga gwiwarta a kumbure, ya rantse maka ƙaya ce ta soke ta, kuma babu mai tambayar inda ta fito kafin a ɗora ta a mota.

Hajiya Mai Nono: Haka aka yi mini da tumaki biyu gabanin Babbar Salla.

Makiyayin Bukuru: Na gode, amma ita wadda aka yi wa rigakafin fa, in ware ta tare da sauran biyun?