An sauke Babanmu daga jirgi bayan ya wuce bincike, suna da wannan ikon?

Maman Khalifa:

Assalamu alaikum. Don Allah wanda ya san dokar jirgin sama ya fahimtar da ni. Mutumin da ya biya kuɗin tikitinsa, jami'an tsaro suka caje shi suka ce ya wuce, har ya zauna a cikin jirgi, kamfani yana da ikon cewa ya sauka?

Da mahaifinmu abin ya faru makon jiya, za shi Legas ganin likitan ƙashi. Shekarunsa sun haura 70, gwiwarsa ta dama ba ta lanƙwasuwa sosai. A wurin bincike babu abin da aka ce ya yi bai yi ba. Ya cire hula da agogo, sandarsa ma sai da aka tura ta cikin na'ura, man zafin da yake shafawa aka ce kwalbar ta yi girma, ya bar musu bai ce uffan ba. Saboda ƙafar ne ƙanena da ya raka shi ya roƙa a wurin awon kaya aka ba shi kujerar da ke bakin ƙofar gaggawa, don ta fi fili. Yana zaune sai ga wata ma'aikaciya ta zo tana yi masa Turanci da sauri. Baba yana jin Turanci kaɗan-kaɗan, amma ba irin wannan ba. Ya nuna mata lambar kujerarsa. Ta sake magana, ya ɗaga murya ya ce ba inda za shi, ta kai hannu kan sandarsa, ya ture hannun. Can sai ga jami'ai sun shigo, wai matuƙi ya ce ba zai tashi da shi ba.

Ranar da likita ya ba shi ta wuce. Amma abin da ya fi ci mini rai, duk cikinsu ba a samu wanda ya ce masa da Hausa, "Baba, don Allah dawo nan" ba. Na san halin mahaifina, wallahi da ya taso.

Abu Hanif:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Sana'ata sayar da tikiti, kuma zan faɗa miki gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba: suna da ikon.

Masu bincike a filayenmu jami'an tsaron FAAN ne, hukumar da ke kula da filayen jiragen sama na tarayya, su abin da mutum ya ɗauko suke dubawa. Man da aka karɓe, doka ce tun 2006, lokacin da aka bankaɗo shirin tayar da bama-bamai na ruwa a jiragen da ke tashi daga Ingila zuwa Amurka. Daga nan aka taƙaita duk wani abu mai ruwa-ruwa a jakar hannu zuwa mililita 100, kuma girman kwalbar ake dubawa, ko da rabi ne a ciki. Da mutum ya wuce su, aikinsu ya ƙare. Cikin jirgi kuwa maganar matuƙi ce. Yarjejeniyar Tokyo ta 1963 ta ba shi ikon sauke duk wanda yake da dalilin ganin zai kawo cikas ga lafiyar jirgi ko zaman lafiya a cikinsa. An ƙarfafa ta a Montreal a 2014, kuma Najeriya ce ƙasa ta 22 da ta amince, wadda da ita adadin ya cika gyaran ya fara aiki a farkon 2020.

Ita wannan kujera ba ta hutu ba ce. Wanda ya zauna a kanta shi ake sa ran zai buɗe ƙofar, mai nauyi ce, ya kuma fahimci umarnin ma'aikata cikin ruɗani. Ba a ba dattijo mai sanda, ba a ba mai juna biyu ko ƙaramin yaro. Don haka ma'aikaciyar tana kan daidai da ta ce ya tashi. Kuskuren farko na wanda ya ba shi kujerar ne alhali yana ganinsa da sanda, kuma shi ma ma'aikacin kamfanin ne ko wakilinsa. Wannan ita ce hujjarku mai ƙarfi.

Ɗan Zango a Chicago:

Malam Abu Hanif, dokar haka take, ban musa ba. A nan Amurka ma dokar tarayya ta ba kamfani damar ƙin ɗaukar duk wanda ya ga zai iya zama haɗari. To wannan "zai iya" ɗin, wa yake auna shi? A 2006 an sauke limamai shida daga jirgin US Airways a Minneapolis bayan an ga wasunsu suna salla a zauren jira. Ba a same su da komai ba, suka kai ƙara, aka sasanta a 2009. A 2016 an sauke wani ɗalibi ɗan asalin Iraƙi daga jirgin Southwest a Los Angeles, don wata ta ji yana waya da Larabci. A garin nan da nake, cikin Afrilun 2017, aka jawo Dokta David Dao a ƙasa daga jirgin United, baki na jini, shi da ya biya kuɗinsa ya zauna, saboda ana son a ba ma'aikatan kamfani huɗu wuri. Ba don wayoyin fasinjoji sun ɗauka duniya ta gani ba, da shi ke nan. Daga baya ne aka hana a sauke wanda ya riga ya shiga saboda kujeru sun yi kaɗan, sai da dalilin tsaro ko rashin ɗa'a.

A gida ma mun gani a Agustan 2025. Wani fitaccen mawaƙi ya tsaya gaban jirgi a Abuja yana neman hana shi tashi, ya koma gidansa. Kwanaki kaɗan bayan haka wata mata ta yi rigima da ma'aikata a jirgin Uyo zuwa Legas kan kashe waya, sai ga ta a gidan yarin Kirikiri. Sai da mutane suka yi ca kafin Ministan Sufurin Jiragen Sama Festus Keyamo ya sanar da janye ƙarar.

Ni inda nake tare da Hajiya shi ne maganar harshe. Jirgin da rabin fasinjojinsa Hausawa ne, a ce ba mai iya cewa "sannu Baba" cikin ma'aikata? Kuɗinmu suna ji, harshenmu ne ba sa ji. Ko fasinjan da ke kusa aka roƙa ya yi tafinta, da an wuce wurin.

Maman Khalifa:

Na gode muku, Allah ya saka da alheri. Yanzu ta ina za mu fara? Kuɗin tikitin ya tafi ke nan? Ina kuma tsoron kada a ce ba zai sake hawa jirgi ba, aikin ƙafar nan yana gaba.

Abu Hanif:

Ku fara rubuta wa kamfanin, a rubuce, ba ta waya ba. Ku haɗa da lambar tikiti, katin shiga jirgi mai nuna lambar kujerar, da takardar asibiti. Ku faɗi abin da ya faru yadda ya faru, har da ture hannun, don su ma sun rubuta nasu rahoton kuma shi za a fara karantawa. Taɓa ma'aikaci babban abu ne a wurinsu, ya fi ɗaga murya nauyi nesa ba kusa ba. Sai ku nemi su bayyana dalilin da ya sa aka ba shi kujerar tun farko, ku kuma tambaya kai tsaye ko sun sa sunansa cikin waɗanda ba za su sake ɗauka ba. Idan sun yi shiru ko amsar ba ta gamsar ba, ku kai wa sashen kare haƙƙin fasinjoji na NCAA, hukumar da ke sa ido kan harkar sufurin jiragen sama, suna da teburi a manyan filayen jirgi, ana kuma shigar da ƙorafi ta intanet. Kada ku sa rai da diyya irin wadda ake ba wanda aka hana shiga saboda an sayar da tikiti fiye da kujeru, wannan babi ne daban. Ku nemi a mayar da kuɗin ko a sauya masa rana.

Hajiya Umma mai atamfa:

'Yata, Allah ya ba shi haƙuri, tsufa ba laifi ba ne. Ni ma da ciwon ƙafar nake tafiye-tafiyena. In zai koma, ku nemi a rubuta masa keken guragu tun wurin sayen tikiti, aƙalla kwana biyu kafin tafiya. Kada ya ce shi ba gurgu ba ne, ku lallashe shi. Mai turawa zai bi da shi wurin bincike, a shigar da shi kafin cunkoso, ma'aikatan kuma sun san da zamansa tun kafin ya iso. Ku roƙa masa kujerar bakin hanya, ta ɓangaren da ƙafar daman za ta samu sarari. Maganinsa ku bar shi cikin kwalinsa tare da takardar likita, ya nuna tun kafin a tambaya, babbar kwalba kuma a sa ta cikin jakar da za a auna. In da hali, wannan karon ku haɗa kuɗi ƙanen naki ya bi shi har Legas.