Saba ta ƙi wuce gudun megabit 100

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana sadarwar kwamfuta. Ina kula da wata saba (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) mai aiki da manhajar Ubuntu 22.04, wadda katin sadarwarta ke iya gudun megabit 1000, amma kullum ethtool (manhajar duba saitin katin sadarwa) yana nuna mini 100 ne kawai. Da na tilasta mata 1000 na kashe autoneg (tsarin da na'urori biyu ke daidaita gudu tsakaninsu da kansu), sai layin ya yanke gaba ɗaya, har ƙaramar koriyar fitilar bakin ramin wayar ta mutu. Na sa sabuwar wayar sadarwa nau'in Cat6, na kuma sauya rami a kan swic (na'urar da ke haɗa wayoyin sadarwar kwamfutoci), amma abin yana nan yadda yake. Shin laifin direban katin (manhajar da ke sarrafa shi) ne ko na saitin swic? Idan an dace, a ina zan rubuta saitin don kada ya goge bayan sake kunna na'urar?