Taƙaitawar shawarwari kan shaƙuwar jariri da mai renonsa

Ga abin da na tattaro daga bayanan iyaye mata na ƙauyukan Ringim.

1. Kusan kowa ya yarda cewa goyo da shayarwa su ne tushen shaƙuwa, domin jariri yana gane muryar uwarsa da ƙamshin jikinta tun kafin ranar suna.
2. An amince da nono zalla har wata 6, ko da yake wasu kakanni sun dage a ba shi ruwa da bazara.
3. Ƙiwar da yaro ke farawa wajen wata 8, ya cukuikuye zanen uwarsa idan baƙo ya miƙo hannu, ba sangarta ba ce.
4. Ra'ayi ya rabu kan kai yaro gidan kaka yaye. Wasu sun ce haka aka gada, wasu kuwa sun ce rabuwar farat ɗaya tana gigita shi, kuma nan na fi karkata.