Ƴan gumakan yumɓu na Girkawa, kwafin manyan ne ko nasu daban?

Ɗalibar zane:
Assalamu alaikum. Don Allah masana ku taimaka min, muna karatun tsohuwar Girka ne sai na ga hotunan ƙananan mutum-mutumin yumɓu da aka haƙo a kaburburan garin Tanagra na ƙasar Girka tun wajen 1870, mata lulluɓe da mayafi wasu riƙe da mafici, wallahi sun burge ni. To shin kwafin manyan gumakan marmara da tagulla ne aka yi wa talaka mai araha, ko aikinsu daban ne?

Malamin tarihi:
Wa'alaikumussalam ƙanwata. Duka biyun akwai. Wasu kam kwafi ne sak, akwai wani ƙarami na yumɓu a gidan tarihin Metropolitan a Amurka da ya kwaikwayi gunkin Diadumenos na mai ƙera gumaka Polikilitos, saurayin nan mai ɗaura ƙyalle a kai, kuma asalin na tagulla ya ɓace tuntuni don tagulla narkewa take, mutane sun narkar da galibinsu sun yi wani abu da ƙarfen. Kin ga ƙaramin ya taimaka mana mu san kamannin babban kenan. Amma matan Tanagra, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ba wani gunki guda suke kwafa ba, salon tsayuwa da yadda mayafi ke kwanciya a jiki suka ɗauko daga zamanin mai sassaƙa gumaka Faraksitilis, sauran kuwa rayuwar yau da kullum ce.

Maginin tukwane:
Malam ka manta launi! Ni abin da ya fi taɓa ni kenan. Manyan marmaran nan da muke gani fari fat, da fenti aka yi su, rana da ruwa suka wanke. Ƙananan da suka kwana a kabari har yau akwai shuɗi da ja a jikinsu, duba matar nan mai shuɗi da ke gidan tarihin Luva a Faris har da ruwan zinari. Kuma a mazubi ake danna yumɓun a gasa, shi ya sa suke da yawa, ba kamar na Nok da aka gina da hannu ba.

Malamin tarihi:
Gaskiyarka maigida. Kuma yumɓu ba na ƙanana kaɗai ba ne, a Olimpiya ta ƙasar Girka akwai gunkin yumɓu na Zeus, babban abin bautar Girkawan da, ɗauke da wani yaro Ganimid, ya wuce mita ɗaya.

Ɗalibar zane:
Na gode ƙwarai, bari in nemo hoton na Olimpiya yanzu.