Waɗanda suka bi Nilu a dahabiya: yaya kuka raba lokaci tsakanin kallo da sayen tsaraba?

Maman 'yan biyu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin wannan tafiya. A watan Disamba, in Allah ya kai mu, ni da maigida za mu shiga dahabiya daga Esna zuwa Aswan, kwana huɗu a kan kogin Nilu. Jirgin nan ne mai manyan ƙyallaye biyu da iska ke turawa, namu ɗakunansa takwas ne kawai. An turo mana jadawali, na ga kowace tsayawa awa ɗaya da rabi ce ko biyu. Ni kuma tun da aka ji za ni Masar, mutum ashirin da uku suka shiga takardar tsarabata, har da surukata da ta ce jallabiya take so mai aiki a wuya. Ba na son in dawo ban ga komai ba sai cikin shaguna, ba na kuma son in shiga gida hannu rabbana. A wace tasha kuka yi sayayya, wacce ce kuma bai kamata a ɓata mata ko minti ɗaya a ciniki ba?

Ɗalibin Azhar:
Wa alaikumus salam, Yaya. Na yi ta bara, na raka kawuna a matsayin tafinta. Da farko kada ki dogara da awannin da ke cikin jadawalin nan. Ruwan Nilu arewa yake gangarawa, iska kuma daga arewa take busowa, ku da za ku kudu ita ce za ta riƙa tura ku. In ta kwanta, ƙaramin jirgi mai inji ne zai ja ku da igiya. Shugaban matuƙa, wanda suke kira rayyis, ba ya son iska mai kyau ta wuce shi jirgi na ɗaure a gaɓa. Sau biyu aka ce mana awa biyu, muna cikin kallo aka aiko mu dawo don iska ta taso.

Shawarata ki bar jakar kuɗi a ɗaki har sai kin isa Aswan. Kusan duk abin da za a miƙo miki a Edfu da Kom Ombo, mayafi ne, jallabiya ce, 'yan mutum-mutumi ne, akwai shi a kasuwar Aswan, da yawa kuma, ga sukuni. Haikalin da kika wuce kuwa ba za ki same shi a gaba ba.

A Esna za ku fara, mota za ta kawo ku daga Luksor, tafiyar wajen kilomita 55. Haikalin Khnum, ɗaya daga cikin allolin mutanen Masar na dā, yana tsakiyar gari, a cikin rami, wajen mita 9 ƙasa da titi, domin gari ya yi ta hawa kansa shekara da shekaru. Ginshiƙai 24 ne. A 2018 aka fara goge baƙin hayaƙin da ya rufe rufinsa, launukan asali sun fito, ja da shuɗi da rawaya, kamar jiya aka shafa. Kawuna ya ɗaga kai ya fi minti goma bai ce uffan ba.

'Yar Maraɗi:
Ki ji maganar Malam, 'yar'uwa, ni abin ya faru da ni a Edfu kuma har yau yana damuna.

Daga bakin kogi keken doki ake hawa zuwa haikali. An ba mu awa biyu har da zuwa da dawowa. Muna sauka na hango jerin rumfuna, na ce wa mijina ya shiga, zan duba mayafi ɗaya in biyo shi. Mai rumfar ya ɗora min mayafin a kafaɗa ya ce fam biyar. Na zaɓi shida. Da na miƙa kuɗi sai ya ce ai fam ɗin Ingila yake nufi. Aka shiga ja-in-ja, na ajiye kaya zan tafi, ya biyo ni, maƙwabcinsa ya shigo sasanci, shi ma ya buɗe nasa kayan. Kafin in ankara minti arba'in sun tafi. Na shiga haikalin da gudu-gudu, na ga ƙofar nan mai tsayin mita 36 da shahon dutse a tsakar fili, sai ɗan jagora ya fara kiran mutane. Ɗakunan ciki, waɗanda mijina ya ce bangonsu cike yake da rubutu daga ƙasa har rufi, ban taka su ba. Ginin da aka fara shekara 237 kafin haihuwar Annabi Isa, aka ɗauki shekara 180 ana yi, yana nan da rufinsa, ni kuma na ba shi minti goma sha biyar. Mayafan kuwa na gan su a Aswan rataye kala-kala.

Abu biyu na koya. Kafin ki taɓa kaya ki tambaya, fam na Masar ne? Sannan kada ki bari a ɗora miki kaya a jiki, da zarar ya hau kafaɗarki an fara ciniki ko ba ki shirya ba. Mai keken doki kuma ku gama magana tun kafin ku hau, kuɗin zuwa da dawowa, a biya bayan an dawo.

Baba mai ritaya:
'Yata, ni inda ya fi zauna min a rai babu abin sayarwa ko ɗaya. Jabal Silsila sunansa, tsakanin Edfu da Kom Ombo, inda kogi ya matse tsakanin duwatsu. Manyan jiragen nan masu hawa-hawa wucewa suke yi, dahabiya kuwa ɗaurewa take a gindin dutsen. Daga nan aka sassaro duwatsun da aka gina haikalai da yawa na ƙasar. Har yanzu ana ganin sawun kurfi a jikin dutse, layi-layi, da gurbin da aka ciro kowane dutse. Na yi shekara talatin ina aikin gine-gine, na sa tafin hannuna a kan wannan sawu na daɗe a tsaye. Akwai kuma ɗakin da aka fafe cikin dutse na zamanin Fir'auna Horemheb.

A nan muka kwana. Bayan magariba matuƙa suka shimfiɗa tabarma a kan yashi, muka yi jam'in isha tare da su, aka kawo shayi. Ki tafi da rigar sanyi mai kauri, daren Disamba a kan ruwa ya fi hunturun da muka sani cizo. El Kab ma haka take, kaburbura ne a jikin tsauni da zanen noma da girbi, yara ƙalilan ne za su biyo ki da 'yan kwanduna da suka saƙa. Na sayi biyu a hannunsu, jikokina suna zuba goro a ciki har yau.

Uwar ɗaki ta Kumasi:
Ni ban yarda a tara komai sai Aswan ba. Mu an ɗaure jirginmu a wajen gari, kusa da gada, da yamma liƙis. Washegari da safe aka kai mu Filae a ƙaramin kwale-kwale, haikalin nan da aka tsinke dutse-dutse aka mayar wani tsibiri saboda ruwan madatsa, daga can sai filin jirgin sama. Kasuwa awa ɗaya muka samu. Da ban saya a Esna ba, da kunya ta ishe ni a gida.

Kuma kayan Esna daban ne. Daga haikalin ki ratsa tsohuwar kasuwar Ƙaisariyya mai rufi, inda mutanen gari ke sayayyarsu. Na tarar da teloli suna ɗinka jallabiya, na tsaya a gaban wani masaƙi yana aiki, na sayi mayafai huɗu daga hannunsa, masu nauyi, ba irin na rumfunan baƙi ba. Akwai tsohon wurin matsar mai, na sayi man riɗi da na irin latas. Ga kuma Wakalar Jiddawi, masaukin fatake na 1792, ƙasa wurin kaya, sama ɗakunan kwana. Duk wanda ya tashi a zango in ya shiga zai gane abin da yake gani, kakana irin wannan rayuwa ya yi a hanyar goro. Don haka jallabiyar surukarki ki saya a Esna, ki riƙe awon kafaɗa da tsayinta a waya. Man kuma ki naɗe kwalbar da leda biyu, tawa ɗaya ta tsiyaya cikin akwati.

Ɗalibin Azhar:
Gaskiyar Hajiya ce, mu kwana biyu muka ƙara a Aswan shi ya sa na yi maganar a sake. Yaya, ki duba lokacin jirginku na komawa Alƙahira. In da hali ku ƙara dare ɗaya, kasuwar Aswan da dare take ci sosai.

Ɗan Mai Wurno:
Salamu alaikum jama'a. Ni Bahaushen Sudan ne, yanzu ina zaune a Aswan, na kuma bi dahabiya sau ɗaya da baƙin da suka zo mana daga Kano. Bari in yi maganar kasuwa tunda kullum ina cikinta.

Titin kasuwar dogo ne, yana farawa daga wajen tashar jirgin ƙasa, yana bin bayan titin bakin kogi. Inda baƙi suka fi yawa farashi ya fi tsada, ki ƙara gaba zuwa inda kika ga matan gari da kwandunansu. Za ki yi mamakin yadda kayan suka yi kama da na gida. Karkade zoɓo ne. Dom goruba ce. Tamar hindi tsamiya ce, gyaɗa ma ful sudani suke ce mata. Baƙina sun kusa cika jaka da zoɓo don an ce musu na Aswan ya fi na ko'ina, na ce haba, ku da kuka fito daga inda ake loda shi a tirela? Abin da ya cancanci nauyin akwati shi ne busasshen dabino na yankin nan, lalle, turaren wuta, da hulunan Nuba masu launi don yara. Gyaɗar da ake soyawa cikin yashi ki saya ki ci a hanya.

Ki yi hattara da za'afaran, kayan ƙamshin girkin nan mai tsada. Tulin jan abin nan da ake auna miki da arha usfur ne, furen wata shuka daban, launi yake bayarwa ba ƙamshi. Na gaske siraran zare ne, ba a tara shi a buhu. Shuɗin garin da ake jerawa kusa da kayan yaji kuma bula ce ta wanki, ba ta girki ba. Takardar bardi mai zane, wato irin takardar mutanen Masar na dā da ake yi da wata ciyawar ruwa, in an ce miki uku fam kaɗan, galibi ganyen ayaba ne, tana karyewa in an lanƙwasa. Ta gaske in kin ɗaga ta a haske za ki ga zaren ya ratsa juna tsaye da kwance.

Ciniki kamar na gida ne. Ki taya ƙasa sosai, ki yi fara'a, in bai sallama ba ki yi godiya ki wuce. In kin taya ya sallama kuwa ki saya, fasawa bayan sallama abin kunya ne a nan ma. Ki lura da canji, takardar kirshi 50, wato rabin fam, da ta fam 50 baƙo yana iya rikita su.

In jirginku zai tsaya a Daraw, kusa da Kom Ombo, ki tambayi rayyis ko ya dace da ranar da kasuwar raƙuma ke ci. Daga Sudan ake koro su. Ranar da muka je na ji wani makiyayi yana magana da irin Larabcin garinmu, muka tsaya muka gaisa, hawaye ya zo min.

Abban Sadiƙ:
Ƙarin abu ɗaya da ba a taɓo ba. A Kom Ombo, bayan mun ga haikalin da gidan adana kadojin da aka busar, na sayi mutum-mutumin kan kare da na mage na baƙin dutse, don kawai sun yi min kyau. Da na kai gida mahaifiyata ta ce ba za su kwana mata a ɗaki ba, kuma na san tana da hujja. Kuɗi da nauyin kaya suka tafi a banza. Ki tuna gidan da tsarabar za ta shiga kafin ki saya. Faranti ko kofin alabasta, dutsen nan da haske ke ratsawa, ba wanda zai ƙi shi.

Sannan in wani ya ja ki gefe ya buɗe ƙyalle ya ce wannan tsohon abu ne daga kabari, ki wuce abinki. In jabu ne an cuce ki, in na gaske ne dokar Masar ta 1983 ta haramta cinikinsa, a filin jirgi kuma ke za a riƙe.

Kom Ombo dai a bakin ruwa yake, daga jirgi da ƙafa za ki taka. Ki ce ɗan jagora ya nuna miki bangon baya inda aka zana kayan aikin likita.

Maman 'yan biyu:
Allah ya saka muku da alheri, na kwafe duka. Na nuna wa maigida, ya yarda mu ƙara dare ɗaya a Aswan. Jallabiyar surukata da mayafai zan saya a Esna, daga nan in rufe jaka sai Aswan. Saura tambaya ɗaya, kuɗi a hannu zan riƙe ko kati ya isa?

Ɗalibin Azhar:
Duka biyu, Yaya. Tikitin shiga manyan wuraren tarihi yanzu da kati ake biya, in ba ya cikin kuɗin da kuka ba kamfanin jirgi, don haka ki tabbatar katinki yana aiki a waje tun kafin ki taso. Kasuwa da keken doki da ɗan ihsanin masu gadi kuwa sai tsabar kuɗi. Ki canza a Luksor, ki nemi ƙananan takardu na fam 10 da 20 da yawa, domin tsakanin Esna da Aswan jirgi yakan kwana a gaɓar da ko shago babu. Ki ware na matuƙa a ambulan daban, a daren ƙarshe ake ba su.