Dashe ba wuya, reno ne aiki

A tattaunawar da muka yi da ma'aikatan gandun daji da manoma kan farfaɗo da dazuka, maganar da aka fi nanatawa ita ce kuɗin ba a ranar dashe yake tafiya ba. Ban ruwa, shinge, gadi da maye gurbin waɗanda suka bushe ne ke cinye shi a shekarun farko. Don haka aka ba da shawarar a daina ƙirga abin da aka dasa, a ƙirga abin da ya rayu.

Wannan ya fi muhimmanci ganin girman alƙawuran: a shirin Bonn na 2011, wato yunƙurin ƙasashen duniya na farfaɗo da dazuka da filayen da suka lalace, yanzu burin hekta miliyan 350 ne kafin 2030.

Shawarar da ta fi kwanta mini ita ce a fara duba abin da ke cikin ƙasa. Kututturen da aka sare sau da yawa saiwarsa na raye. Manomi ya zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi, ya datse sauran, ya kare su daga awaki da gobara. Da haka manoman Nijar suka maido da bishiyoyi a miliyoyin hektoci tun daga shekarun 1980, da kuɗi kaɗan. Zaizayar ƙasa ta ragu, dabbobi suka samu ganye.

An yi gargaɗi kan shuka iri ɗaya zalla, kamar bishiyar turare mai shan ruwa, da kuma mamaye makiyaya da sunan daji. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin makiyayin da aka kora ba zai tsare dashen ba. Dole mutanen wurin su ga amfanin dashen: ƙasar Kosta Rika tun 1997 biyan masu filaye take yi su bar bishiyoyinsu tsaye.