Muhawara: Ra'in bin diddigi zagi ne kawai, ko yana da aiki a fagen hulɗar ƙasa da ƙasa?

Maganar da ta tayar da ƙura a zauren malamai da ɗaliban kimiyyar siyasa na Kano ita ce: ra'in bin diddigi, wato mai tambayar yadda tsarin duniya ya samo asali da kuma wa yake amfana, ba ya warware komai, zagin Turawa ne aka sa wa rigar ilimi.

Malamin hulɗar ƙasashe: Ni ina kan wannan magana. Kenneth Waltz, masanin hulɗar ƙasashe ɗan Amurka, a 1979 ya ba mu ma'auni mai sauƙi: babu gwamnati a saman ƙasashe, kowacce na tsaron kanta, sai a ƙirga ƙarfin kowa. Da aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta ba da wa'adin kwana 7 a mayar da shugaban ƙasa ko ta tura soja, Najeriya ta yanke wutar da ke kai kusan kashi 70 na abin da Nijar ke amfani da shi. Wannan lissafin ƙarfi ne tsagwaronsa.

Malama mai koyar da tattalin arzikin siyasa: Dakta, ai misalinka ne ya kayar da kai. In ƙarfi ne kaɗai, me ya hana sojojin tafiya? Robert Cox, ɗaya daga cikin jagororin ra'in bin diddigi, a 1981 ya ce duk ra'i don wani aka yi shi, kuma don wata manufa, sannan ya ba da hanyar aiki. Ka auna abu uku tare: dukiya da makamai, tunanin mutane, da hukumomi. Ta fuskar dukiya, iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, ta taɓa jihohi 7 tun daga Kebbi har Borno, kuma da aka rufe ta motocin hatsin kasuwar Dawanau suka yi cirko-cirko. Ta fuskar tunani, Bakano ba ya ganin mutumin Maraɗi ko Damagaram a matsayin baƙo. Layin da ya raba su Ingila da Faransa ne suka shata. Ta fuskar hukumomi, Majalisar Dattawa ta ƙi yarda da yaƙi, malaman addini suka tafi Yamai sulhu. Zuwa Fabrairu 2024 an janye takunkumin. Ma'aunin Waltz ba ya ganin ɗan kasuwa, balle malami.

Ɗalibin digiri na uku: Ranki ya daɗe, na yarda da hanyar, amma ga inda ake yin ɓarna. Ɗalibi zai rubuta babi guda a kan Taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka tsara rabon Afirka, ya tsallako kai tsaye zuwa yau, ya ce mulkin mallaka ne sanadi. Ba ya nuna ta wace hanya, ta hannun wa, a wace shekara. Wannan ba bincike ba ne.

Malama: Gaskiyarka, kuma maganin shi ne a bi sarƙar ɗaya bayan ɗaya. Ɗauki masaƙun Kano. A 1985 dala ba ta kai naira ɗaya ba. Da gwamnatin Babangida ta shigo da SAP, shirin gyaran tattalin arziki irin na asusun lamuni na duniya IMF, a 1986, dala ta kai wajen naira 4 a 1987, kuɗin kayan gyaran inji da rini ya ninka. A 2005 yarjejeniyar da ke ƙayyade cinikin tufafi a duniya ta ƙare, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari, masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa suka yi ta rufewa. Abin da Gramsci, masanin siyasa ɗan Italiya, ya hango shi ne, babu wanda ya zo da bindiga. Masananmu ne suka yarda cewa babu wata hanya.

Malamin hulɗar ƙasashe: To wa ya hana wutar lantarki? Wa ya bar fasa-ƙwauri a kan iyaka? IMF? Hajiya, a nan ne nake tsoron ra'inku, yana wanke shugabanninmu.

Tsohon jami'in diflomasiyya: Dakta, wanda ya karanta masanan Najeriya irin su Claude Ake ko Bala Usman ya san ba su taɓa wanke su ba. Tambayarsu ita ce wa ya ci riba a cikin gida, wa ya samu lasisin shigo da kaya ranar da masaƙa ta mutu. Amma zan ba ka abu ɗaya: in shugaba ya nemi shawara cikin awa 24, lissafin ƙarfi ake fara kai masa, don shi ne ke hannu.

Malama: Ranka ya daɗe, shi ya sa aka ba da wa'adin kwana 7 ba a tambayi Dawanau ba. A Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS.